Akwatin sola mai ƙwai uku: ya isa karatun dare a kwalejin ƙauye?

Da an shiga watan Oktoba aka koma lakwal, akwai kayan da ake yawan tambaya wajen masu kayan wuta a Kasuwar Dole ta Damagaram: baƙin akwatin sola mai mariƙi a ka, da ƙwai uku masu dogayen wayoyi, da ƙaramin farantin sola wanda muke ce wa pano. Sunan da ke jikin kwali yana sauyawa daga wannan kaya zuwa wancan, amma in ka kwance shi ciki ɗaya ne. Da yawa daga masu sayensa iyayen yara ne da ke karatu a CEG, wato ƙananan kwalejoji, na ƙauyuka, wajen Gure, Mirya, Tanut da Damagaram Takaya. Mu da ke gyaran irin wannan kaya, tare da malaman da ke ganin yadda yara ke aiki da shi, ra'ayinmu shi ne a saya, amma a san fitilar karatu aka sayo. Duk ɗakin da ya mai da shi wurin cajin salula, ba zai kai hutun Disamba da lafiyarsa ba.

Kwalejin ƙauye ɗaya takan ɗauki yaran garuruwa da yawa. Wanda gidansu ke nesa sai a nema masa mai masauki, a haɗa mutum huɗu ko shida a ɗaki guda. Rana tana ƙarewa a aji da ɗiban ruwa da neman itace, karatu sai bayan isha'i. Ga kuma yaran da yaƙi ya koro. Tun daga harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa a watan Fabrairun 2015, makarantu da dama a wancan yanki sun rufe, iyaye suka riƙa turo 'ya'yansu yamma ta babbar hanyar kwalta wurin dangi. Yaron da ya yi shekara ɗaya ko biyu bai shiga aji ba, ya zo ya tarar da 'yan ajinsu sun yi nisa, littafi kuma bai wadata ba, abin da ya rage masa shi ne ya ari kayen abokinsa ya kwafe da dare, ya mayar da safe kafin mushe ya shigo. Ga mai shirin BEPC, jarrabawar kammala kwaleji, awa uku na haske a dare ba ƙaramin abu ba ne. Tocila tana cin batir, kuɗin da ɗan makaranta ba shi da su. Kyandir da aci-balbal kuwa a ɗakin kara ko zana, ba ma son jin zancensu. Gobarar da ta cinye azuzuwan zana a Maradi a Nuwamban 2021 ta kashe yara fiye da 20, kuma duk wanda ya ga yadda busasshiyar zana ke kama wuta ya san ba ta ba mutum lokacin neman ƙofa.

In ka buɗe akwatin za ka ga batir na dalma a rufe, an rubuta 6V 4Ah, da ɗan allon wuta, da ramukan ƙwai, da ramin USB guda. Panon 9V ne, ƙarfinsa wajen wat uku da rabi. Ninka 6 da 4 ka sami 24, wato wat 24 na tsawon awa guda. Wannan ne ruwan da ke cikin randar. Sai dai batirin dalma ba ya son a kwashe shi har gindi. Rabi ake ɗiba a bar rabi, don haka rabon ɗakin a kowane dare 12 ne. Ƙwan da aka rubuta wat 3 a kwalinsa, in an sa mita ba ya wuce wat ɗaya da rabi. Ƙwai ɗaya ke nan zai yi awa 8, biyu su yi awa 4, uku ba za su cika awa 3 ba. Ɗakin da ke karatu daga takwas da rabi zuwa sha ɗaya da rabi, su ƙara awa guda da asuba, ƙwai biyu ne daidai ƙarfinsu. Na ukun a naɗe shi a ajiye don ranar da ɗaya ya mutu.

Panon shi ne mai ga-ruwan da ke cika randar, kuma tulunsa ƙarami ne. A rana mai kyau yana ba da kamar amfiya 0.3. Mayar da rabin da aka ɗiba yana ɗaukar awa bakwai zuwa takwas, wato duk ƙarfin rana daga tara na safe zuwa la'asar. In aka bari batirin ya ƙare ƙaf, sai ya yi kwana biyu cur yana shan rana ba a kunna shi ba kafin ya dawo. Wane ɗaki ne zai haƙura da duhun kwana biyu ana gobe jarrabawa? Sai a kunna shi da rabin ciki, washegari da kwata, a haka farin gishiri ke kama farantan dalmar, batirin ya tsuke. Bayan wata biyu a kawo shi wurin gyara ana cewa “ba ya riƙe caji”, alhali yunwa ce ta kashe shi.

Abin da ya fi kashe shi salula ce, kuma a nan ba ma ganin laifin yaran. Yarinyar da iyayenta ke Maine Soroa ko Ngigmi, in ta ji an ce an kai hari, ba wanda zai ce mata ta bar wayar a mace don a yi lissafi. Amma a duba. Ƙaramar salula mai maɓallai tana da batir kamar mAh 1000 (ma'aunin girman batir), cika ta yana cin kusan 5 daga cikin 12 ɗin nan, hasken ƙwai ɗaya na sama da awa uku. Babbar waya mai mAh 5000 kuwa tana buƙatar sama da 18, ta wuce rabon dare gaba ɗaya, in an haɗa da abin da ke ɓacewa a zafi ta kusa shanye randar duka. Ramin USB ɗin ma yana ɗaukar zafi, ya ƙone in an matsa masa. Tsarin da ya fi zama lafiya shi ne ɗaki ya ware ƙaramar salula ɗaya, a ba iyayen kowa lambarta, a yanka lokacin kira, misali tsakanin magariba da isha'i, sauran lokaci a kashe ta. A haka caji ɗaya yana kai ta mako. A caja ta ranar Lahadi da tsakar rana pano yana haɗe, daren kuma a yi karatu da ƙwai ɗaya. Manyan wayoyi a kai su wurin mai caji ranar kasuwa. Makulli ɗaya, mutum ɗaya: a damƙa akwatin ga babban ɗakin, ko ga uwar gidan da aka sauka in tana da tsayuwa, domin maƙwabta ma za su zo da nasu wayoyin, kuma yaro baƙo ba ya iya ce wa babba a'a.

Hasken fari ne tas, rubutun bik yana fitowa sosai. Kuskuren da ake yi shi ne a rataye ƙwan can a azara, haske ya watse a bango. A sauko da shi kamu uku ko huɗu bisa tabarma, yara su zauna kewaye. A sami tsohon kwanon sha a huda tsakiya, a zura wayar, ya zama hula: haske ya taru a kan kaye, ido ya huta, kuma ba ya tsiyaya ta zana a hango daga nesa. Yaran da suka saba da dokar hana fita a Diffa su ne kan fara neman a yi haka, a kuma yi musu. Da damina farin haske yana tara ƙwari, sai a rataye shi a waje da gidan sauro.

Wurin aza pano akwai abin da masu shago ba sa faɗa. Damagaram tana kusan digiri 14 arewa da tsakiyar duniya. Daga Oktoba zuwa Maris rana tana karkata kudu, don haka a fuskantar da panon kudu, a ɗan tada bayansa da dutse ko bulo. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta kuwa, rana tsaka tana bi ta ɗan arewa da kai. Lokacin shirin BEPC ke nan, sai a kwantar da shi kusan shimfiɗe. Inuwar reshe ɗaya ko kashin tsuntsu a kusurwa tana rage ƙarfin farantin duka, saboda ƙwayoyinsa a jere suke kamar carbi. Da hunturu ƙura tana rufe shi cikin yini, a goge da tsumma mai laushi kowace safiya kafin a tafi aji, ba da rana tsaka yana da zafi ba. Wayar panon tana da 'yar tsawo don a bar akwatin a ɗaki cikin inuwa. Kada a fitar da shi rana tare da panon. Zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, kuma duk ƙarin kamar digiri 10 yana raba rayuwar batirin dalma biyu. A ɗaure panon da wayar ƙarfe a rufi, don iska da kuma masu dogon hannu.

Aikin kamfanin yana da rauni a wurare sanannu. Wayoyin ƙwai sirara ne, suna karyewa a wuyan filogi saboda ana fizgo su ta waya. A naɗe wuyan da zare ko robar tayar keke tun suna sababbi. Makunnin da ke tsakiyar waya ƙura tana shige shi, ya riƙa ƙyafta ido. Ɓera da gara suna cin wayar da aka bari a ƙasa. Mafi muni, masu arha ba su da abin da ke tsayar da caji in batir ya cika ko ya yanke wuta in ya yi ƙasa. In an ga akwatin ya yi zafi ko cikinsa ya kumbura, a cire pano nan take. Wanda ke son ƙara ƙarfi ya nemi pano mai wat 5 ko 6 amma shi ma 9V, ya riƙa cirewa da la'asar. Mai 18V na batirin 12V ne, yana ƙona allon.

A shago kada a karɓi kwali a rufe. A ce, “Alhaji, don Allah a buɗe a sa mita.” Batir mai lafiya yana nuna 6.3 ko 6.4. In ya nuna ƙasa da 6, ya daɗe a ajiye, a bar shi. Wannan ya zama dole tun rufe iyaka da Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga can, kowa ya ruga neman sola, aka fito da tsohon kaya daga sito. A ɗaga akwatin a ji nauyi. Batirin 4Ah na gaskiya yana kai giram 700, in ka ji shi sakayau dalmar ba ta cika ba. A fita da panon rana a auna, ya kamata ya wuce 9. A kunna ƙwai ukun tare na minti biyar, a girgiza kowace waya. Farashi yana bin canjin naira da halin hanya, don haka a zaga shago uku, a kuma yi magana a kan kwana nawa za a iya mayarwa kafin a miƙa kuɗi.

Akwai mai rediyo a jiki. Ba ya cin wuta sosai, amma FM kaɗai yake kamawa, ƙauyen da ya yi nisa da gari sai shuu. Ba sai an ƙara kuɗi dominsa ba. Akwai kuma fitilun sola masu batirin litiyam da aka gwada ingancinsu a tsarin VeraSol, sun fi jure zafi da kwasar caji, sun fi daɗewa. Mai hali ya sayi waccan wa yaro ɗaya. Akwatin nan ya fi su a abu biyu: yana haska mutum shida a lokaci guda, kuma batirinsa sukurori huɗu ne a kwance a sauya, duk mai gyaran rediyo ya iya.

Sauyin batirin kuwa zai zo, ko da an kula, wajen shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ɗaki mai mutum shida, kowa ya jefa dala biyar a asusun sabon batir duk mako, daga Oktoba zuwa Yuni za a tara sama da jika biyar. Babban hutu shi ne tarko: in aka kulle akwatin a ɗaki daga Yuli zuwa Satumba, a dawo a tarar ya mutu. Ɗaya daga cikin yaran ya tafi da shi gida, ko a bar wa mai masauki ya riƙa ba shi rana yini guda duk mako biyu. Tsohon batir kada a fasa shi, kada a bar wa ƙannai su yi wasa da shi. Gubar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. A mayar wa mai shago ko masu sayen tsohon batir, a rufe yadda yake.