Jirgin fiton Mayotte: araha ga mai tafiya a ƙafa, wahala ga mai mota

Duk wanda ya sauka a filin jirgin saman Mayotte bai iso inda za shi ba tukuna, sai ya ƙetare ruwa. Filin yana Pamandzi ne, a kan ƙaramin tsibirin da ake kira Petite-Terre, alhali babban birnin Mamoudzou, da babban asibiti, da kasuwa, da mafi yawan jama'a duk suna kan babban tsibirin, Grande-Terre. Babu gada tsakanin biyun. Abin da ke haɗa su shi ne jirgin fito na hukumar sufurin ruwa ta STM, wadda ke ƙarƙashin majalisar yankin, kuma mutanen wurin "barge" kawai suke ce masa. Fiye da mutum miliyan 4 ne ke hawansa a shekara, abin da ya sa yake cikin layukan ruwa mafi cunkoso a duk ƙasar Faransa.

Ga wanda bai san wurin ba, Mayotte tana mashigin Mozambik ne, tsakanin arewacin Madagaska da gaɓar Afirka, cikin jerin tsibiran Komoros. Faɗinta murabba'in kilomita 374 ne kacal. Da sauran tsibiran suka zaɓi 'yancin kai a ƙuri'ar 1974, ita ta zaɓi zama da Faransa, ta sake jaddada haka a 1976, sannan a ranar 31 ga Maris 2011 ta zama jiha ta 101 ta Faransa. Kuɗinta yuro ne. Faransanci ne harshen gwamnati, amma a cikin jirgi Shimaore da Kibushi za ka fi ji, kuma kusan kowa Musulmi ne. Tsarin da ya bar filin jirgi a can, jama'a a nan, gadon tarihi ne: a kan dutsen Dzaoudzi, da ke gefen Petite-Terre, Faransawa suka kafa mazaunin mulkinsu, daga baya harkoki suka koma Mamoudzou.

Daga filin jirgi za ka shiga tasi na haɗaka, ya bi ta hanyar Boulevard des Crabes wadda ta haɗa Petite-Terre da dutsen Dzaoudzi, ya ajiye ka a bakin tasha. Tafiyar 'yan mintuna ce. Ƙetarewar kanta ba ta kai kilomita 3 ba, kuma tana cin minti 15 zuwa 20. Da rana jirgi na tashi duk bayan rabin awa, da dare kuma tazarar na ƙaruwa zuwa awa guda, har a tsaya. Kuɗin mai tafiya a ƙafa ya daɗe a kan santim 75 na yuro, kuma a gefen Mamoudzou kaɗai ake biya. Wato baƙon da ya sauka daga jirgin sama zai ƙetare ba tare da ya ciro ko sisi ba, sai ranar komawa zai sayi tikiti. Ka riƙe 'yan canji a aljihu saboda wannan rana, domin layin sayen tikiti shi ne ke sa mutum ya ga jirgi ya tashi a gaban idonsa, ya zauna jiran rabin awa.

A nan ne hidimar ta cancanci yabo. Hukumar ƙididdiga ta Faransa, INSEE, ta nuna cewa kashi 77 cikin ɗari na mutanen Mayotte suna rayuwa ƙasa da ma'aunin talauci na ƙasar, ga kuma tsadar kaya, tunda kusan komai ta tashar jiragen ruwa ta Longoni ake shigo da shi daga waje. A irin wannan wuri, fiton da bai kai yuro ɗaya ba zuwa da dawowa ba ƙaramin sauƙi ba ne ga ma'aikaci, ɗalibi, ko mai tallar kayan lambu da ke ƙetarewa kullum. Ruwan ma ba ya wahalarwa. Hanyar tana cikin katafaren tafkin tekun da shingen murjani ya kewaye, don haka igiyar ruwa ba ta da ƙarfi, kuma ko mai saurin jin jiri a teku da wuya ya damu.

Jin daɗin zama kuwa, kada a sa rai da yawa. Benci ne, da rumfa, da iskar teku. A lokacin zafi da damina, daga Nuwamba zuwa Afrilu, ruwan sama na iya feso wa wanda ya zauna a gefe. Babu wani wuri na musamman da za a karɓi akwatinka a ajiye, kai za ka ja shi ka hau gangaren ƙarfen da ake saukewa a bakin tasha, tare da babura da masu ɗauke da kaya. Gangaren nan yakan yi santsi in ya jiƙe, kuma tsayuwarsa na sauyawa da cikar teku da janyewarta. Mai manyan akwatuna biyu da yara ya bari turmutsitsin farko ya wuce kafin ya taka. Da sassafe da kuma bayan tashi daga aiki jirgi kan cika maƙil.

Matsalar gaske tana wajen mai mota. Akwai manyan jirage masu baki biyu, irin su Polé da Karihani, waɗanda mota ke shiga ta gefe ɗaya ta fita ta ɗaya ba sai jirgi ya juya ba. Tsari ne mai kyau, amma gurbin mota ƙidayayye ne, ga manyan motocin kaya da ke bin hanyar su ma. Mai tafiya a ƙafa kusan kullum zai samu shiga, mai mota kuwa yana iya kallon jirgi biyu ko uku su tafi yana kan layi. Kafin ma ya kai layin sai ya sha cunkoson Mamoudzou, wanda ke farawa tun kafin gari ya waye a hanyar Kawéni daga arewa da ta Mtsapéré daga kudu. Shi ya sa ɗaukar motar haya a Petite-Terre don a ƙetare da ita ba dabara ba ce. Ka ƙetare a ƙafa, ka karɓi mota a Grande-Terre, ka mayar da ita can. Petite-Terre ƙarama ce, tasi ya isa ya kai ka ko'ina, har gindin hanyar hawa tafkin Dziani.

Babban aibin hidimar shi ne ba ta da madadi. In jirgi ɗaya ya lalace ko ya shiga gyara, sai tazarar tashi ta ƙaru, layi ya yi tsawo. In ma'aikata suka shiga yajin aiki, ko masu zanga-zanga suka tare tasha, kamar yadda aka yi a farkon 2024 lokacin da aka datse hanyoyin tsibirin na makonni saboda rashin tsaro da batun baƙin haure, sai a raba filin jirgi da sauran ƙasar gaba ɗaya. Guguwar Chido ta ranar 14 ga Disamba 2024 ta nuna iyakar abin: ta lalata jiragen fito, ta watsa wasu gaɓa, a daidai lokacin da ake buƙatar ƙetarar da kayan agaji daga filin jirgi zuwa inda jama'a suke. Akwai kuma wata damuwa mai tafiya a hankali. Tun girgizar ƙasar da ta fara a watan Mayun 2018, sanadiyyar dutse mai aman wuta da ya ɓullo a ƙarƙashin teku kimanin kilomita 50 gabas da tsibirin, ƙasar Mayotte ta nutse da santimita da dama, don haka in teku ta cika sosai ruwa kan hau wasu hanyoyin bakin gaɓa. Wannan haɗarin na cikin dalilan da suka sa gwamnati ta karkata ga gina sabon filin jirgi a Bouyouni, kan Grande-Terre, maimakon tsawaita titin saukar Pamandzi. Amma wannan aikin shekaru ne.

Saboda haka lissafin ranar tafiya daban ne. Mai tafiya ta jirgin sama ya ƙidaya lokacin cunkoson hanya, da layin tikiti, da jiran rabin awa, da minti 20 na ruwa, da tasi, sannan ya ƙara aƙalla jirgin fito guda na ko-ta-kwana a kai. In tashin na sassafe ne, ko ana raɗe-raɗin yajin aiki, kwana a Petite-Terre ya fi kwanciyar hankali. Takardu kuma su kasance a jikinka, ba cikin akwati ba, domin binciken shaida ya yawaita a Mayotte saboda kwale-kwalen da ke shigowa daga tsibirin Anjouan mai nisan kilomita 70. Kuma Mayotte ba ta cikin yankin Schengen, don haka bizar Schengen ba ta shigar da kai. Wanda ƙasarsa ke buƙatar biza sai ya nemi wadda aka rubuta sunan Mayotte a kanta tun daga ofishin jakadancin Faransa.