Neman aure a Japan: abin da ake dubawa da abin da ake biya

'Yan uwa na gida masu tambayar yadda ake neman aure a nan Japan, ku fara da wannan: binciken asali da hali da iyaye da dangi suke yi wa mutum kyauta a Kano ko Damagaram, a nan kamfani ne yake yin sa, kuma da kuɗi.

A 2021 cibiyar gwamnati mai nazarin yawan jama'a ta tambayi marasa aure 'yan shekara 18 zuwa 34. Sama da kashi 80 cikin ɗari, maza da mata, sun ce suna da niyyar aure. Wajen zaɓen abokin aure, hali suka sa a gaba, sai iya aikin gida da renon yara. Mace tana son ta san ko namijin zai ɗora tukunya, ya wanke kwanuka, ya ɗauko yaro daga gidan reno, don ita ma a ofis take wuni. Mata sama da kashi 90 suna duba samun namiji, wannan kuwa tsohon zance ne. Abin da ya canza shi ne kusan rabin maza yanzu suna duba samun mace, alhali a 1992 ba su kai kashi 30 ba. Albashi ɗaya bai cika riƙe gida a Tokiyo ba.

Masu dalilin aure a nan kamfanoni ne masu ofis. Kafin a karɓe ka sai ka kawo takardar shaidar cewa ba ka da aure daga ƙaramar hukumar da aka yi rajistar iyalinku, da takardar kammala karatu, namiji kuma ya haɗa da shaidar albashinsa na shekara. Kuɗin shiga yakan kai yen (kuɗin Japan) 100,000 ko fiye, na wata-wata tsakanin 10,000 da 20,000, idan aka daidaita kuma a biya kamar 200,000. Haɗuwar farko a zauren shan shayi na otal ake yi, kimanin awa ɗaya, namiji ya biya shayin. Kowa ya ba da amsarsa ta hannun kamfani, ba baki da baki ba. In an amince, a shiga matakin gwaji, inda aka yarda ka ci gaba da ganin wasu. Daga nan a tsaya kan mutum ɗaya. Cikin wata uku, in ya yi tsawo shida, ake so a yanke magana. Takardar shaidar rashin aure ɗin nan abu ne mai kyau ƙwarai, ta toshe ƙofar yaudara da yawa.

Inda abin yake cijewa shi ne wurin tacewa. A manhajar kamfani mutum yana zaɓar albashi da shekaru tun kafin ya ga fuska. Ma'aikacin kwantiragi mai ƙaramin albashi ba ya ko fitowa a jerin, komai kyan halinsa. Mace da ta haura 35 sai neman ya ragu. Ɗan fari ma wasu na gudun sa, don tsoron zama da surukai da jinyarsu idan sun tsufa. Abin tausayi, halin da kowa ya ce shi ne na farko ba ya rubutuwa a takarda. Ƙidayar 2020 ta nuna maza kusan kashi 28 da mata kusan 18 sun kai shekara 50 ba su taɓa aure ba.

Shi ya sa gwamnatin Tokiyo ta buɗe tata manhajar a 2024, yen 11,000 na shekara biyu, ita ma da takardun nan da ganawa ta intanet. Ba irin auren gata na Kano ba ne: haɗawa kawai take yi, ba ta ba da kayan ɗaki ko jari.

Ɗaurin auren kansa ba ya cin ko yen ɗaya. A cike takarda, shaidu biyu su sa hannu, a kai ofishin ƙaramar hukuma. Doka ba ta nemi waliyyi ko sadaki ba, amma ta wajabta ma'aurata su ɗauki sunan iyali ɗaya, kuma kusan kashi 95 matar ce take barin nata. Macen da ta yi suna a wurin aikinta takan tambayi wannan tun kafin a tsaya kan magana.