Sati biyu ina zagin iyafis ɗin nan, ashe ni na haɗa shi a juye

Toh jama'a wata uku kenan da na siyi iyafis ɗin nan mai igiya, irin wanda ake zagayo da igiyar ta bayan kunne, wanda masu harkar ke ce wa IEM. Tun satin farko hannuna ke ƙaiƙayi in yi rubutu a kansa, amma gara da Allah ya sa ban yi ba, don da a lokacin na rubuta wallahi zagi kawai za ku karanta. Sunan kamfanin ba zan kama ba, ɗan Chana ne dai mai jikin ƙarfe, 'yar sifika ɗaya mai faɗin milimita 10 a kowane kunne, igiyarsa ana cirewa a mayar. Kuɗin ma kun sani, ba irin na manyan yara bane, amma ya fi ƙarfin wanda yara ke bin motoci da shi a danja.

Abun da ya kore ni daga bulutut jinkiri ne. In waƙa kake ji ko kana kallon bidiyo ba za ka lura ba, saboda wayar tana ɗan riƙe hoton ya jira sautin, amma a gem babu wannan dabarar, abu na faruwa ne nan take, sautin kuma sai ya ɗan makara kafin ya iso kunnenka, a ƙananan bulutut yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan. A baki kamar ba komai ba, amma duk mai buga PUBG, gem ɗin harbe-harben nan, ya san kafin ka ji ƙarar harbin an riga an kwantar da kai kana rarrafe kana roƙon a zo a tashe ka. Ga shegen caji, kana tsakiyar wasa kunne ɗaya ya mutu kuma babu wuta. Na ƙarshen da na riƙe ma ɗayan ya faɗa kwata ina saukowa daga adaidaita, a nan na ce shikenan na tuba.

Na je kasuwar waya ranar wata Asabar. Mai shagon yana ganin na nuna kwalin ya ce "oga kai ka san kaya, wannan ai ba a magana." Na ce akwai mayik a jiki? Ya ce "sosai ma oga." Kwalin a liƙe da leda, ya ce in an ɓare an siya, na biya na tafi. Ku riƙe maganar mayik ɗin nan, za mu dawo kanta.

Wayata ba ta da ramin iyafis, kun san tun da Apple suka cire shi a iPhone 7 a 2016 sauran suka bi layi, har gara masu Tecno da Infinix da yawa har yanzu suna da nasu. Dole na haɗa da 'yar adafta mai bakin Type-C. Ta farkon da mai shagon ya ba ni mai arha ce, na je gida na soka wayar ta ce ba ta san zancen ba. Ashe iri biyu ne, akwai wadda igiya ce zalla ba komai a ciki, tana dogara ne da wayar ta turo sautin a shirye, akwai kuma mai ɗan cif a ciki da ake ce wa DAC wanda shi ke juya sautin da kansa. Wayoyi da yawa na yanzu sai mai cif ɗin. Wannan kuɗin ya tafi a banza, washegari na siyo ta biyu a wani wurin daban.

Yanzu ga inda labarin yake. Daren da zan haɗa shi an ɗauke wuta, ina zaune kan katifa da tocilan na waya a baki, kunnuwan daban igiyar daban, kowane ɓangare da 'yan ƙusoshi biyu sirara kamar allura da za ka soka a jikin ƙarfen. Takardar cikin kwalin rabinta rubutun Chana ne ban ko kalle ta ba. Na soka wannan na soka wancan, na zagayo da igiyar, ya zauna daram a kunne. Na kunna waƙa. Kai jama'a! Waƙar da na yi shekaru ina ji amma sai na ji kamar yau aka fara rera ta, kalangu a gefe guda ina jin yadda makaɗin ke matse tsarkiyar yana saki, 'yan amshi a bayansa kowa da muryarsa daban ba a cakuɗe ba. Na ce alhamdulillahi kuɗi bai faɗi ba.

Sai na shiga gem. Mu huɗu ne kullum bayan isha'i, ni da ƙanina da abokanmu biyu. Muka sauka Pochinki, wani gari a cikin PUBG ɗin, kamar yadda muka saba, na shiga wani gidan bene na hau sama na laɓe, sai na ji sawu ƙarara, cak cak cak, ta hannun dama, ban taɓa jin sawu fes haka ba tunda na fara wasan nan, har murmushi na yi. Na juya dama na saita ƙofa ina jira. Mutumin ya ɓullo ta hagu ya zazzage min harsashi a ƙeya. Na ce tsautsayi ne. Wasa na biyu mota na tahowa, kunnena ya ce daga hagu, na ruga dama don in kauce, ashe cikin bakinta na shiga. Ƙanina yana ihu "Yaya ina za ka, Yaya dawo!" ni kuma ina ce masa ya rufe min baki ni nake da sabon iyafis.

Haka fa aka yi ta yi har sati biyu. Kuma abun haushin, 'yar taswirar da ke saman fuskar wayar tana nuna alamar sawu a gefen da yake daidai, amma ni da na kashe kuɗi sai na fi yarda da kunnena, in suka saɓa sai in ce netwok ne ke wasa da taswirar. Na canja layi, na canja saitin sauti a cikin gem ɗin ya fi sau goma, na goge shi na sake saukewa da datana mai tsada. Matsayina ya yi ta zubewa. Abokan suka fara shiga wasa ba tare da sun kira ni ba, in na yi magana su ce "mutumina mun ɗauka ka yi bacci." Ɗayan ya ce gaskiya tunda ka siyo abun nan ka zama kaya, koma wa bulutut ɗinka. Wannan maganar ita ta tunzura ni.

Na saka shi a kwali na koma kasuwar da niyyar rigima. Na dire masa a kan gilas na ce malam ka siyar min da jabu, abun nan bai san gabas ba bai san yamma ba. Ya ce "oga yi haƙuri, ba ya kawo sauti ne?" Na ce yana kawowa amma ƙarya yake yi. Muryata ta ɗan hau, kun san kasuwa, nan da nan mutum biyar sun tsaya kallo. Sai wani yaro mai gyara a teburin kusa, ba zai wuce shekara sha takwas ba, ya ajiye abun da yake yi ya ce "yallaɓai kawo in gani." Ya soka a wayarsa, ya buɗe YouTube ya nemo irin bidiyon nan na gwajin hagu da dama, ya sa kunne ɗaya, ko sakan goma ba a yi ba ya cire. Ya ɗaga bakin igiyar saitin hasken rana ya ce in duba. Wallahi sai da na ƙanƙance ido kafin na gani, wani ɗan mitsitsin R, alamar dama, a jikin roba fara, babu kala babu komai, kuma a jikin kunnen hagu na soka shi. Ya zare, ya musanya, ya miƙo min. Bai yi dariya ba, wannan ne ma ya fi min ciwo, gara ya yi. Mai shagon kuwa cewa ya yi "ba komai oga, ai yana faruwa," da irin muryar da ake yi wa mara lafiya sannu.

Yaron ya ƙara min da wani abu da ban sani ba, ya ce ko an sa kowanne a gefensa, in aka juya ƙusoshin ɓangare ɗaya gaba ya koma baya, sautin zai fito amma duma zai ragu, muryar mawaƙi ta watse kamar ba ta da wurin zama a tsakiyar kai, kuma a gem ba za ka gane inda abu yake ba. Ya nuna min yadda lanƙwasar igiyar ya kamata ta kalla. Na ba shi na ruwa ya ƙi karɓa sai da na matsa.

Daren ranar kuwa sai ga abu ya zama abu. Sawu a dama mutum a dama. Ina iya bambance wanda ke tafiya kan katako da wanda ke kan ciyawa, ina jin mutum na canja harsashi a bayan bango, harbi da ƙararsa a tare babu tazara ko kaɗan. Sama da ƙasa ne dai har yanzu yakan ruɗe ni a gidan bene, amma wannan kowa na kuka da shi. A fannin gem ban da abun cewa, in don shi za ka siya ka siya.

Amma fa ina kwance ina jin daɗi sai na tuna, kunyar da na sha ta sa na baro shagon ban yi maganar mayik ba. Babu mayik a igiyar nan. Tun ranar farko na gani, babu ɗan maɓallin, kuma bakin da ake sokawa zobe baƙi biyu ne a jiki, mai mayik uku yake da shi, ku dinga ƙirgawa kafin ku biya. Mutumin ya kalli idona ya ce min sosai ma. Yanzu da mayik ɗin jikin waya nake magana, wanda in ka riƙe ta a kwance tafin hannunka ke toshewa, sai a dinga ce min "ba ma jinka, ba ma jinka" a daidai lokacin da nake cewa ga mutum a bayanku. Kuma da wane ido zan koma in yi ƙorafi bayan abun da ya faru? Ya ci bulus. Ga kuɗin adaftarsa ta farko da ita ma ban karɓa ba.

Tunda na fara ƙorafin bari in ƙarasa. Rami ɗaya ne a wayar, ko caji ko iyafis, PUBG kuma shan batir yake kamar rijiya. Na siyo adafta mai baki biyu, in wutar janareta ce sai wani zzzz ya dinga bin bayan sautin, don irin waɗannan iyafis ɗin ba sa ɓoye komai, ƙaramin datti a layi sai sun kawo maka shi. Haka waƙoƙin da na tara a wajen masu turawa, waɗanda an matse su an tura ta WhatsApp da Xender sun bi hannu goma, a tsohon iyafis lafiya lau suke, a wannan kuwa kamar ana soya ƙosai a bayan mawaƙin, dole na sake sauke masu nauyi. In ka ƙure ƙara kuma harafin "s" da ƙarar kuge suna ɗan soka kunne, ni dai rabi nake tsayawa. Da sanyin nan ya shigo na hunturu, sau biyu jikin ƙarfen yana ɗan tsikarata a kunne lokacin da igiyar ta gogi rigar sanyi, ba wani ciwo amma sai ka zabura. Sai kunnen dama ya fara yin ƙasa-ƙasa, na ce shikenan ya mutu, ashe ƙura da dattin kunne ne suka toshe 'yar ragar bakin, da tsohon buroshin haƙori busasshe na share a hankali ya dawo.

Robobin kunne kala uku ne a kwalin, ƙarami, matsakaici da babba, kar ka tsaya kan wanda ya zo a jiki. Ni na hagu matsakaici nake sawa na dama babba, in bai toshe ruf ba duman gaba ɗaya guduwa yake ka ɗauka kayan ne ba kyau. In ya toshe kuma ya toshe fa, ranar nan Hajiya ta yi ta kwaɗa min kira daga tsakar gida har ta gaji ta shigo da kanta ta same ni ina gyaɗa kai, ban ji da daɗi ba. A titi ba na sawa sam.

In ka tambaye ni maki, ranar da aka musanya igiyar da goma zan ba shi, yau dai bakwai, kuma ukun da na cire biyu na mai shagon ne. Na sa an taho min da wata igiyar mai mayik, mai ƙusoshi masu kaurin milimita 0.78 irin nasa, na ce a tabbata mai alamar ja da shuɗi ce, ja dama shuɗi hagu, wadda ko a duhu da tocila zan gani. Na kuma ɗiga jan farce na ƙanwata a bakin tsohuwar kafin sabuwar ta iso. Ƙanina ne ya kai wa sauran labarin abun da ya faru a kasuwa, ni ban faɗa musu ba, yanzu a cikin gem ba mai kirana da sunana, Bahago suke ce min, in aka ji sawu sai wani ya ce "Bahago wane gefe?" in na ce dama su duka su juya hagu.