Labule mai sanda ko mai naɗewa sama: wanne za ki fara ɗinkawa?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin tambayi wanne za ki fara ɗinkawa tsakanin labule mai zura sanda da wancan mai naɗewa sama da igiya. Tunda yanzu kika fara taka keke, ki ɗauki mai sanda kawai.

Na ɗakina mai sanda ne, da atamfar auduga na yi shi, kuma har yau ina jin daɗinsa. Ɗinki ne miƙaƙƙe daga farko har ƙarshe: ki kalmashe gefe biyu, ki kalmashe ƙasa, sannan ki ninke sama ki bar hanyar da sanda za ta shige. Tattarar da yake yi ita ce rufin asirin sabon hannu, ko layin ɗinki ya ɗan karkace ba mai lura. Da hunturu ya kama, ƙura na shigowa ta ko'ina, zare sandar nake yi in jefa labulen a bokiti da safe, kafin la'asar ya bushe ya koma wurinsa. Ranar da surukata ta zo sai da ta shafa shi ta tambayi telan da ya yi min, da na ce ni ce, ta aiko min da yadin nata ɗakin.

Wajen awo, faɗin yadin ya zama ninkin faɗin taga, ko aƙalla ɗaya da rabi, in ba haka ba zai tsaya a sanƙame babu tattara. Turmin atamfa yadi 6 ne, faɗinta kuma bai cika wuce inci 48 ba, don haka taga matsakaiciya falle biyu take so, kuma turmi ɗaya zai ishe ki. A tsawo ki ƙara kamar inci 10 saboda kalmasa da hanyar sanda. Ki wanke yadin ki goge kafin almakashi ya taɓa shi, don auduga tana tsukewa a wankin farko. Kowace kalmasa ki bi ta da guga kafin ki ɗora a keke, allura lamba 14 ta wadatar. Idan tagar tana kallon gabas ko yamma, don Allah ki sa masa shafin farin yadi, rana tana koɗar da atamfa da wuri, shafin kuma yana rage zafin ɗaki.

Mai naɗewa kuwa, ba ya cin yadi da yawa kuma yana kyau a ƙaramar taga, iyakar yabonsa ke nan a wurina. Sai zobba a jere, sai siraran sanduna, sai katako a sama, kuma jeri ɗaya ya goce da rabin inci, labulen a karkace zai riƙa hawa. Wanda na saya ɗinkakke yana cikin jaka, don kafin a wanke shi sai an kwance igiyoyin duka. Ga igiyar da ke reto, mai hatsari ce a gidan da ke da ƙananan yara.

Ba ki tambaya ba amma ki kula da masu yadi. Ko a babbar kasuwa irin Kantin Kwari kika je ko shagon unguwa, akwai masu gaskiya, akwai kuma wanda zai miƙo miki mai roba ya rantse auduga ce. Ki nemi ɗan ƙyalle a ƙona bakinsa: auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, mai roba narkewa take ta dunƙule. Ki goga farin ƙyalle mai laima a jikin atamfar ki ga ko tana zuba. Sannan a auna a gabanki da tef, yadi inci 36 ne, kar ki yarda da awon hannu ko wanda aka ce an riga an yanke.