Sharhi kan labaran rediyon NPR na Amurka

Na jima ina sauraron NPR, gidan rediyon al'umma na Amurka, ta manhajarsu a waya. Shirye-shiryen da na fi bi su ne Morning Edition da All Things Considered, wanda tun 1971 ake yin sa, sai kuma Up First, ɗan gajeren shiri mai kawo manyan labarai uku da safe. Idan kana jin Turanci kuma kana son labari mai nama, ina ba ka shawarar ka gwada. Kyauta ne.

Abin da ya riƙe ni shi ne ba sa gaggawa. Labarin da wata tasha za ta karanta cikin layi biyu ta wuce, su sai su ba shi minti biyar ko shida, su tura wakili har wurin. Za ka ji ƙarar janareta a asibitin da wuta ta ɗauke, ka ji muryar uwa tana magana da harshenta kafin tafinta ya shigo, kuma ba sa yanke ta a tsakiyar zance. Ba a ɗaga murya, ba a tara mutum huɗu su yi ta cacar baki da sunan muhawara. Wanda ya saba da hayaniyar talabijin zai ga kamar abin ya yi sanyi da farko, amma bayan ɗan lokaci kunne ba ya son komawa can.

Ba su rasa aibu ba. Labarin cikin gida na Amurka yakan cinye shirin, musamman lokacin zaɓe, har ka ƙosa kana jiran a leƙa Sudan ko Kwango. Kuma akwai zargin da ake yi musu cewa sun karkata ga masu sassaucin ra'ayi. A watan Afrilun 2024 wani babban editansu, Uri Berliner, ya rubuta hakan a fili, daga baya ya ajiye aiki. Ni a nawa sauraron, karkatar ta fi fitowa wajen zaɓen labarin da za a ɗauka da wanda za a bari. A cikin labarin kansa, galibi suna neman jin ta bakin kowane ɓangare, kuma idan sun yi kuskure suna gyarawa a rubuce a shafinsu.

Maganar kuɗi ce ta fi damuna. Mutane da yawa suna ɗauka NPR gidan gwamnati ne kamar Muryar Amurka. Ba haka ba ne. Muryar Amurka gwamnati ce ke ɗauke da ita kacokan, shi ya sa da umarni ya fito daga fadar White House a watan Maris na 2025, sashen Hausa ya yi shiru lokaci guda. NPR kuwa abin da ta riƙa samu har zuwa 2025 kai tsaye daga gwamnatin tarayya bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na kasafinta ba. Sauran daga kamfanoni masu ɗaukar nauyi ne, da gudummawar masu sauraro, da kuɗin da tashoshin ƙawance suke biya don su watsa shirye-shiryenta. To a nan gizo ke saƙa. Waɗannan tashoshin ne suka riƙa karɓar tallafin gwamnati ta hannun CPB, hukumar tallafa wa gidajen rediyo da talabijin na al'umma, wadda dokar 1967 ta kafa domin ta tsaya tsakanin 'yan siyasa da ɗakin labarai. A watan Yulin 2025 majalisar dokoki ta janye kimanin dala biliyan 1.1 da aka riga aka ware wa hukumar, a majalisar wakilai da ƙuri'a 216 kan 213, kuma a farkon Agusta CPB ta sanar da cewa za ta rufe. Tashar New York ko Boston tana da masu hannu da shuni da za su cike giɓin. Ƙaramar tasha a ƙauyen Alaska, wadda ita ce ke sanar da mutane guguwa na tafe, ba ta da su. Wanda aka yi niyyar hukuntawa daban, wanda ya ji jiki daban.

Shi kuma aikin tura wakili fagen yaƙi yana cin kuɗi sosai: sulke, inshora, direba, tafinta, wayar tauraron ɗan adam. Wani lokaci yana cin rai. Ranar 5 ga Yunin 2016 aka kashe David Gilkey, mai ɗaukar hoto na NPR, tare da Zabihullah Tamanna, ɗan jaridar Afganistan da ke yi musu tafinta, a kusa da Marja a lardin Helmand, suna cikin ayarin sojojin ƙasar. Abokan aikinsu biyu da ke wata motar sun tsira. Abin da ya ƙara musu daraja a idona shi ne ba su tsaya kan bayanin farko da aka ba su ba. Sun yi ta bincike, shekara guda bayan haka suka fito da rahoton da ya nuna harin ba na tsautsayi ba ne, an tsegunta wa 'yan Taliban tafiyar ayarin. Kuma duk inda aka ambaci Gilkey, suna ambaton Tamanna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin 'yan ƙasa su ne suka fi mutuwa a wannan aiki, su ne kuma aka fi mantawa da sunayensu. Kwamitin kare 'yan jarida na CPJ ya ƙirga 'yan jarida da ma'aikatan yaɗa labarai 124 da aka kashe a 2024, kusan kashi biyu cikin uku Falasɗinawa ne. Tun da Isra'ila ta hana 'yan jaridar waje shiga Gaza da kansu, yawancin muryoyin da NPR ta jiyar da mu daga can Anas Baba ne ya naɗo su, ɗan Gaza da ya yi ta aiki a cikin yunwa da ruwan bama-bamai iri ɗaya da na mutanen da yake hira da su.

Zan ci gaba da sauraro. Idan sabo kake, fara da Up First, sannan ka nemi rahotannin wakilansu na ƙetare a manhajar, don a nan ne aikinsu ya fi kyau.