Murhun gas, silinda ko yis: wanne ya dace don ƙara kabon dayoksaid a rumfar leda a Gombe?

Iskar waje tana ɗauke da kabon dayoksaid, iskar da shuka ke zuƙa don girma, kusan 420 a cikin miliyan. A rufaffiyar rumfa kuwa, tumatir da tattasai na zuƙe ta da zarar rana ta ɗaga, girma ya ja baya. Masu noman rumfa kan ɗaga ta zuwa 800 ko 1,000, kuma da rana kaɗai, domin in babu haske shuka ba ta amfani da ita.

Da yawa murhun gas na kicin suke fara tunawa, tunda yana gida. Lissafin ma da daɗi: kilo ɗaya na gas yana ba da kusan kilo uku na iskar. Ɗaki mai mita 4 da 5, tsayi mita 2.5, abin da yake buƙata don kai ma'auni 1,000 bai kai giram 20 na gas ba, wato kunna kan murhu ɗaya na minti bakwai. Ka manta shi awa guda a ɗakin rufe, ma'auni ya kai 5,000, iyakar da aka sa wa ma'aikata ke nan. Kowane kilo kuma yana sakin tururin ruwa sama da lita ɗaya da rabi, ga zafi, ganye ya jiƙe, cutar fumfuna ta samu wurin zama.

Babbar illar tana cikin harshen wutar. Muddin shuɗi ne tas, ƙonewa ta cika. In ƙura ta toshe ramukan (a hunturu wannan ba wuya), sai ka ga rawaya a saman harshen, gindin tukunya ya yi baƙi. A nan kabon monoksaid ke fita, ba wari ba launi, kuma yana kisa. Wata iska mai suna etilin ma na fita, tumatir kuwa ko kaɗan ba ya jure ta: ganye ya lanƙwashe ƙasa kamar mai ƙishi alhali ƙasar da danshi, fure ya zube. Hayaƙin janareta kam kada ma a kusanto da shi.

Akwai murhun da aka ƙera don rumfa, mai katse gas da kansa in wuta ta mutu. Ya fi na kicin nesa ba kusa ba, amma zafin yana nan. A Maris da Afrilu, lokacin da Gombe ke kusantar digiri 40, dole ka buɗe gefen rumfa, iskar da ka biya kuɗi ta bi iska. Sanyin safiyar Disamba da Janairu kaɗai yake yi wa amfani.

Silindar kabon dayoksaid tsantsa ba zafi, ba tururi, ba etilin. Tana buƙatar regileta, bawul mai aiki da lantarki, da siririn tiyo mai huji a rataye sama da shuka, tunda iskar ta fi ta waje nauyi. A ɗaure silindar tsaye a inuwa. Kafin ka biya, tabbatar akwai inda za a riƙa cika maka ita. Ga rufaffen ɗaki mai fitilu da na'urar sanyaya, ita ce zaɓinmu.

Sukari da yis a jarka: kilo ɗaya na sukari na ba da kusan rabin kilo na kabon dayoksaid, dare da rana ba tsayawa. Ya ishi akwatin reno, ban da rumfa.

Ko wanne ka ɗauka, fara sayen na'urar auna kabon dayoksaid mai alamar NDIR (nau'in da ke aunawa da hasken infrared), da ƙararrawar kabon monoksaid in za a kunna wuta. Auna da ƙarfe goma na safe. In ka ga ma'auni na kusa da 400, rumfarka na shan iska sosai, gara kuɗin ya tafi kan ragar inuwa da fanka.