Daga ƙugu zuwa wuyan hannu: a daidaita tsohon samfuri ko a horar da sabo?

Ɗan'uwa, ka ce samfurinka, wato manhajar da ke koyo daga bayanai, ya koyi gane motsin mutum da tarin bayanan motsi da ake kira UCI HAR, da ka ɗora shi a kan agogon hannu sai ya rikice. Kana tambaya: a daidaita shi ne, ko a sake horarwa daga tushe?

Waɗannan bayanan daga mutum 30 aka tattara su, da wayar Samsung Galaxy S II ɗaure a ƙugu, tana ɗaukar awo sau 50 a daƙiƙa. Ayyuka shida ne: tafiya, hawa da saukowa daga bene, zama, tsayuwa da kwanciya. An yanka su gunduwa-gunduwa, kowace awo 128, wato daƙiƙa 2.56. To idan agogonka sau 25 yake ɗauka, awo 128 ɗin ya zama daƙiƙa 5.12, taku ya ninka a gunduwa ɗaya, sai tafiyar nitsuwa ta zame wa samfurin sauri. Wannan ba ya buƙatar horo ko kaɗan. Mayar da yawan awon sau 50, ka duba ma'aunin, don wata na'urar da g take lissafi, wato tana nuna ƙarfin jan ƙasa a matsayin 1, wata kuma 9.8 take nunawa a madadin 1, sannan ka tabbatar ina kowace kusurwar awon motsi ta agogon ta fuskanta.

Daidaitawa ita ce ka bar matakan farko na samfurin yadda suke, ka sake koyar da na ƙarshe da 'yan bayanai daga agogon masu lakabi, wato an rubuta wa kowanne aikin da mutum ke yi a lokacin. Ba ta cin lokaci, kuma tana yin kyau idan na'urar ce kawai ta canza, wurin ɗaurawa bai canza ba.

Naka kuwa wurin ne ya canza, nan gizo ke saƙa. Ƙugu yana bin gangar jiki, hannu kuwa harkar gabansa yake yi. Mutum na zaune yana goge haƙora ko yana magana da hannu, agogo na ta rawa. Wani na tafe riƙe da kaya, hannun ko motsi ba ya yi. Tsohon samfurin bai taɓa ganin irin wannan ba.

Horarwa daga tushe tana magance wannan, amma tana son mutane da yawa da lakabi mai yawa, kuma sa lakabin shi ne wahalar. Ni dai da na fara da daidaitawa, amma in bar dukkan matakan su koya a hankali. Wani tarin bayanan mai suna PAMAP2 yana da awon wuyan hannu daga mutum 9, zai taimaka.

Wajen gwaji, ka ware mutanen da samfurin bai taɓa gani ba, in ba haka ba sakamakon zai ruɗe ka.